In ka ce sai ka fita zanga-zanga a Abuja, ga yadda zaka je ka dawo gida da ƙafarka

Wajen ƙarfe 11 na dare ne uwar wani yaro ɗan layinmu ta buga mana ƙofa, hijabin ma a baibai ta sako shi, ta ce Malam dan Allah ka taimake ni, tun safe yaron nan ya fita har yanzu shiru kuma wayarsa a kashe. Ranar farko ce ta zanga-zangar tsadar rayuwa, 1 ga Agustan 2024. Yaron mai gyaran waya ne, bai gaya wa kowa inda zai je ba, babu katin shaida a jikinsa, kuma daga baya muka gane ko lambar mutum ɗaya bai haddace ba, komai yana cikin wayar da aka karɓe. Kwana biyu muka yi muna zaga caji ofis caji ofis kafin mu san inda yake. Abin da na koya a kwana biyun nan da wanda na tambayo wajen lauyoyi daga baya shi zan zuba muku a nan, ba dan in ce ka fita ba kuma ba dan in ce kar ka fita ba, wannan tsakaninka da iyayenka ne da zuciyarka.

Fara da sanin inda doka ta tsaya maka

Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa damar taruwa cikin lumana, sashe na 39 kuma ya ba ka damar faɗin ra'ayinka. Maganar wai sai an karɓi izinin 'yan sanda kafin a yi gangami, wannan kotu ta daɗe da kashe ta, kuma abin mamaki daga Kano maganar ta taso. A Satumban 2003 jam'iyyar ANPP ta yi gangami a Kano 'yan sanda suka watsa shi da barkonon tsohuwa wai ba su da izini, kwanaki kaɗan bayan nan Chuba Okadigbo wanda ya yi wa Buhari takarar mataimaki ya rasu, mutane da yawa suka danganta rasuwar da hayaƙin da ya shaƙa. Jam'iyyu suka je kotu, Femi Falana ne lauyansu, suka yi nasara a babbar kotun tarayya, sannan a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cewa neman izinin nan ya saɓa wa tsarin mulki. Ko a 2014 da kwamishinan 'yan sandan Abuja na lokacin, Joseph Mbu, ya ce ya haramta zaman masu neman a ceto 'yan matan Chibok a Unity Fountain, haramcin bai je ko'ina ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta ƙara ƙarfafa wannan, sashe na 83 ya ce in an sanar da su za a yi taro ko jerin gwano a kan titi, aikinsu ne su turo jami'ai su ba da tsaro.

Toh amma kar ka tsaya a nan ka ce ai shikenan, dan akwai sashe na 45 da ya yarda a taƙaita wannan 'yancin saboda tsaro da zaman lafiya, kuma da shi ake zuwa kotu a samo oda. Misali ana gobe za a fara ta Agustan 2024 babbar kotun birnin tarayya ta ce masu zanga-zanga su tsaya a filin wasa na MKO Abiola kawai, waɗanda suka nufi Eagle Square kuwa hayaƙi suka sha. Ko kana ganin odar adalci ce ko zalunci, a kotu ake ƙalubalantarta, kofur ɗin da ke bakin shinge ba zai saurari hujjarka ba. Saboda haka daren da zaka fita ka saurari labarai, ka duba ko akwai odar kotu, ko an sa dokar hana fita, ko an rufe wasu hanyoyi. Wani abu kuma da mutane basu cika sani ba, a Abuja da dokar hukunta laifuka ta Penal Code ake aiki kamar sauran arewa, kuma a cikinta mutum 5 kacal in suka haɗu da niyyar aikata laifi ko nuna ƙarfi sun zama haramtaccen taro, kuma wanda ya san taron ya koma haka ya ci gaba da tsayawa shi ma ya shiga ciki ko da bai jefa ko tsakuwa ba.

Na biyu, ka san wa ya kira ka

Wannan wajen ne yaranmu suka fi faɗawa rami. An turo foster a WhatsApp babu sunan ƙungiya, babu sunan shugaba, babu inda za a taru da inda za a watse, kawai an rubuta kowa ya fito. Ɗan'uwa in ba ka san wanda ya kira taro ba toh ranar da abu ya ɓaci ba ka san wanda zai nemo maka lauya ba. Tambayi abu uku: su wa suka shirya, me ake nema takamaimai, kuma wa za a miƙa wa takardar koken. In babu amsa ka yi zamanka. In kuma kai ne cikin masu shiryawa, ku rubuta wasiƙar sanarwa zuwa ga kwamishinan 'yan sandan Abuja, sanarwa fa ba neman izini ba, ku sa rana da lokaci da hanyar da za ku bi, ku kai kwafi biyu a buga muku hatimin an karɓa a jikin ɗaya ku riƙe, ku ɗauki hotonta kowane jagora ya samu a wayarsa. Ku ware mutane masu hankali da riga mai launi ɗaya su riƙa bin gefe da gefe suna hana jifa da fitar da baƙin ido, ku kuma samu lauya ko da ɗaya ne wanda ba zai shiga taron ba, yana waje wayarsa a kunne.

Kuma ka karanta abin da ke jikin kwalin da aka miƙo maka kafin ka ɗaga. Kowa ya ga abin da tutar Rasha ta jawo a Kano da Kaduna a zanga-zangar Agustan 2024, yara da yawa basu ma san tutar wace ƙasa ba ce, an ba su sun ɗaga, ƙarshe aka kwaso su aka kawo Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 da aka gurfanar da su a babbar kotun tarayya wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali bayan kusan wata uku a tsare, aka sa belin naira miliyan 10 kowanne, sai da ƙasa ta ɗauki ɗumi sannan shugaba Tinubu ya ce a sake su. Wallahi duk wanda ya ga hoton yaran nan ba zai bar ƙaninsa ɗan shekara 14 ya bi taro ba. Yaro bai da abin yi a wajen, haka mai ciki, haka mai asma in ba dole ba.

Shirin dare

Gaya wa mutum biyu a gida inda zaka je da lokacin da zaka dawo, ku yi alƙawari in ƙarfe kaza ta yi basu ji ka ba su fara nema. Rubuta lambar mutum ɗaya da ta lauya da biro a damtsenka ta ciki inda gumi ba zai goge da wuri ba, kar ka ce ai na haddace, mutum in an jefa shi bayan mota sunan kakarsa ma ɓace masa yake. Ɗauki katin shaida, na NIN ko na wajen aiki ko na makaranta, da kuɗi kaɗan a hannu ka raba su aljihu biyu, dan ranar irin wannan masu POS rufewa suke kuma mota wahala take, wanda ke zaune Nyanya ko Mararaba ya san in aka datse AYA ko Kugbo sai dai ƙafa, na Kubwa da Dei-Dei da Zuba ma haka. Takalmi kambas mai igiya, ba silifas ba. Kaya marasa nauyi masu dogon hannu, ka bar babbar riga a gida, kuma ko kusa kar ka sa wani abu mai kama da kakin soja. 'Yan'uwa mata a sa wando a ciki, hijabin kar ya zama mai jan ƙasa wanda za a taka in an fara gudu. Ruwa gora biyu, hankici ko takunkumi, maganinka in kana sha.

Sai ka zazzage aljihu da jakarka tas. Wuƙa, reza, almakashi, sukundireba ta wajen aiki, ashana da kwalbar fetur ba sai an faɗa ba, ƙwaya ko wiwi ko da ba naka ba ne, har guru da laya, duk ka ajiye, dan abin da kake gani ba komai ba shi za a shimfiɗa a gabanka a ɗauki hoto a ce an kama ka da makami. Waya kuma ka cika caji, ka cire buɗewa da yatsa ko fuska ka mayar da ita lamba, in kana da ƙaramar waya ta biyu ma ita ta fi. Kar ka shafa basilin ko man shafawa mai maiƙo a fuska ranar, zan faɗi dalili a gaba. Kuma kar ka tafi kai kaɗai, ku zama biyu ko uku kowa na lura da kowa, ku sa wajen haɗuwa in an watse, wani masallaci ko gidan mai da ke nesa da wajen taron.

In ka isa

Kafin ka fara ɗaga murya tsaya ka kalli wajen minti biyu. Ina hanyoyin fita, ina motocin 'yan sanda suka ja daga, ta ina iska ke kaɗawa. Titunan tsakiyar Abuja faɗi gare su amma yaudara ce, yawancinsu katanga ce da shingen ƙarfe hagu da dama, wajen sakatariyar tarayya da Eagle Square in aka toshe gaba da baya babu lungun da zaka faɗa irin na cikin unguwa, kan gada kuwa ya fi ko'ina muni. Kar ka tsaya a sahun farko ƙirji da garkuwa, kar ka kuma kutsa can tsakiyar cunkoso inda in aka ruga za a tattake ka, gefe-gefe kusa da mafita ya fi.

Yanzu ga maganar da na san wasu ba za su so ba. Ɗan sandan da ke gabanka ba shi ya cire tallafin mai ba. Tun asuba aka jibge shi a wajen, wataƙila ko karin kumallo bai yi ba, haya yake a Masaka ko Karu kamar kai, mudun shinkafar da ya gagare ka shi ma ya gagare shi, kuma a tsorace yake dan ya san abokan aikinsa sun mutu a irin wannan ranar. A Yulin 2019 a nan kusa da sakatariya aka kashe mataimakin kwamishinan 'yan sanda Usman Umar a arangamar da aka yi da 'yan Shi'a, a ranar kuma harsashi ya samu Precious Owolabi ɗan bautar ƙasa da ke aiki da gidan talabijin na Channels shi ma ya rasu. Bayan EndSARS a 2020 sufeto janar na lokacin Mohammed Adamu ya ce an kashe musu jami'ai 22 an lalata ofisoshi 205. Mutum mai tsoro da yunwa da bindiga a hannu, kai kuma ka zo kana nuna masa yatsa a ido kana zagin uwarsa, me kake nema? Ka ce masa yallaɓai, ka ce ofisa sannu da aiki, hannunka a fili inda zai gani, kar ka taɓa kakinsa ko garkuwarsa ko bindigarsa ko da wasa, kar ka zura hannu aljihu da sauri. In akwai magana a bar jagorori su yi da babban da ke wajen, DPO ne ko kwamandan mofol, ba kowa ya yi ta ihu a kan ƙaramin jami'in da ba shi da ikon canza komai ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Amma fa ladabin nan ba yana nufin abin da duk suka yi daidai ne ba, kuma ba lamuni ba ne cewa ba za a taɓa ka ba. Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a zanga-zangar Agustan 2024, rundunar 'yan sanda ta musanta, iyayen da suka binne 'ya'yansu dai sun san abin da suka binne. Su ma akwai ƙa'idar da ta ɗaure su, umarnin runduna mai lamba 237 wanda aka sabunta a 2019, ya taƙaita harbi da bindiga ga inda rai ke cikin haɗari na nan take ko ana shirin yi wa wani mummunan rauni, kuma ƙarfin da za a yi amfani da shi ya zama daidai da barazanar. Wanda ya ƙetare wannan akwai inda ake kai shi, sai dai ba a kan titi ake wannan shari'ar ba kuma sai kana da rai zaka yi ta.

Ɗaukar bidiyo ba laifi ba ne, kakakin rundunar na lokacin Muyiwa Adejobi da bakinsa ya faɗa cewa ana iya ɗaukar 'yan sanda a bakin aiki. Ka dai ɗauka daga nesa, kar ka cusa waya a fuskar mutum, ka yi ƙoƙarin kamo sunan da ke ƙirji da lambar mota da wata alama da ke nuna wajen.

Sanin lokacin tafiya gida shi ne rabin dabarar. In ka ga baƙin fuskoki sun shigo da gora da sanduna, in an fara ƙona taya, in dutse ɗaya ya tashi, in wasu sun karkata wajen shaguna ko wani sito, in ka ga 'yan sanda na sa abin rufe fuska suna jera sahu ko motar ruwan zafi ta matso, ko babbansu ya ɗauki lasifika ya ce a watse, toh kiɗa ya canza. Kar ka tsaya kallo, ɗan kallo shi ake fara kamawa dan masu jifan sun fi shi iya gudu. Ni a ganina ma duk zanga-zangar da ta wuce la'asar ta fara zama ta wasu, a miƙa takarda a watse da rana tsaka.

Barkonon tsohuwa

Sunan hayaƙi kawai ake ba shi amma gari ne mai laushi da ke manne wa ido da fata da kaya, shi ya sa maiƙo ke riƙe shi a fuska ya ƙara ƙuna. Da ka ji ƙarar harba shi ka ga farin hayaƙi, duba inda iska ke kai shi ka yanke ta gefe ko ka nufi inda iskar ke fitowa, kar ka bi bayansa yana bin ka. Tafiya da sauri ta fi gudun fitar hankali dan mai gudu ya fi zuƙar iska kuma shi ke faɗuwa. Nemi tudu, kar ka faɗa kwalbati ko ƙarƙashin gada dan ƙasa-ƙasa yake kwanciya. Rufe hanci da baki da hankici, kar ka murza ido ko kaɗan duk da ranka zai so, ka riƙa ƙiftawa hawaye na wanke shi, ka tofar da yawu ka fyace majina kar ka haɗiye. In ka samu waje mai iska ka karkatar da kai ka zuba ruwa mai tsabta daga gefen hanci ya gangara waje, ka yi ta zubawa. Ruwa kawai. Maganar kananzir a hankici da man goge baki a ƙarƙashin ido da lemon kwalba duk ka watsar, kananzir ma guba kake ƙara wa huhunka ga wuta a kusa. Gwangwanin kuma kar ka ɗauka, zafi gare shi zai sale maka hannu, in ka jefa musu shi kuma ka ba su hujja. Yawanci cikin rabin awa a iska mai kyau abin ke lafawa, wanda numfashinsa ya ƙi dawowa ko ƙirjinsa ya riƙe a kai shi asibiti kar a tsaya fifita. In ka koma gida cire kayan a waje kafin ka rungumi yara, a wanke su daban, ka yi wanka da ruwan sanyi ba mai zafi ba.

In kuma ƙarar harsashi ce ka kwanta ƙasa tukuna, ka ja ciki zuwa bayan kankare ko katanga, ƙofar mota da allon talla basa tare komai. Wanda aka harba a danne wajen da ƙyalle da ƙarfi kar a saki, a nufi asibiti mafi kusa, kuma ku sani akwai dokar 2017 da ta wajabta wa kowane asibiti na gwamnati ko na kuɗi ya karɓi mai raunin bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, su asibitin ne za su sanar daga baya. Lambar gaggawa 112 ce.

In an kama ka

Kar ka yi kokawa, kar ka fizge, kar ka gudu bayan an riƙe ka, ko da kana da gaskiya dubu, dan turjiya laifi ne na daban da za a ɗora maka kuma a nan ake karya mutane. Ɗaga murya ka faɗi cikakken sunanka da unguwarku dan na kusa su ji su sanar. Abokin tafiyarka kar ya ce zai ƙwace ka, aikinsa ya lura da lambar motar da inda ta nufa ya kira gida.

A ofis, cikin ladabi ka tambayi laifin da ake tuhumarka, sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a sanar da kai a rubuce cikin awa 24 da yaren da kake ji, kuma kana da damar yin shiru har sai ka ga lauya. Ka ba da sunanka da adireshinka na gaskiya, sauran ka ce yallaɓai zan yi bayani in lauyana ya zo. Wajen rubuta sitetimen ɗin nan ne ake gama da yawancin mutane, an gaji an ji tsoro an ce sa hannu ka tafi gida, sai ka sa hannu a abin da baka karanta ba. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 wadda lauyoyi ke kira ACJA, da ita ake aiki a Abuja, ta ce ana iya ɗaukar bayaninka a gaban lauyanka ko jami'in ba da agajin lauya ko wani da ka zaɓa, in baka jin Turanci a kawo tafinta ya karanta maka shi ma ya sa hannu. Kar ka taɓa sa hannu a farar takarda, in an bar fili a ƙasan rubutun ka ja layi. Kayan da aka karɓa, waya da kuɗi da agogo, doka ta ce a rubuta su, ka roƙa a rubuta a gabanka. Duka ko azabtarwa dan ka amsa laifi haramun ne, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya aikata, in an yi maka ka riƙe suna da fuska da lokaci a ranka, ka gaya wa lauya da alƙali a farkon dama.

Tsarewa kuma tana da iyaka, kwana 1 in akwai kotu cikin kilomita 40, wanda a Abuja kusan ko'ina akwai, in babu kwana 2, wuce haka sai da odar kotu. Na san abin da ke rubuce daban abin da ke faruwa daban, amma wanda ya san lissafin kuma aka ga yana da mai bibiya a waje ba a cika mantawa da shi a bayan kanta ba.

Ku kuma 'yan gida

Kar ku kwashi zuga ku tafi ofis da kuka da zagi. Mutum biyu sun isa, dattijo ɗaya mai sanyin baki da wani mai ɗan ilimin boko, da katin shaidarsu da hoton wanda ake nema. Ku fara da ofishin da ya fi kusa da inda aka kama shi, ku nemi a duba littafin kanta, in babu ku tambayi inda aka kai waɗanda aka kwaso daga wajen kaza dan kamen zanga-zanga sau da yawa ba a barin su a ƙaramin ofis, ana wucewa da su sashen binciken manyan laifuka na rundunar Abuja ko wani sashe na hedikwata. Ku riƙe littafi ku rubuta duk inda kuka je da wanda kuka gani da ƙarfe nawa. In kun same shi ku nemi sunan IPO mai riƙe da fayil ɗin, ku kai abinci da ruwa da maganinsa.

Beli kyauta ne, a bangon ofis ɗin ma zaka ga an rubuta, kuma ni ba zan yi maka ƙaryar cewa ba a neman na goro ba, amma zuwa da lauya na rage wannan sosai. Mace na iya tsayawa beli, doka ta faɗa ƙarara, kar a ce wa uwa ta je ta nemo namiji. Ba a kama wani a madadin wani, in an zo neman yaro ba a same shi ba babu dokar da ta ce a tafi da babansa ko matarsa. In babu kuɗin lauya akwai hukumar ba da agajin lauya kyauta ta gwamnatin tarayya, hedikwatarta na Area 11 a Garki, ƙungiyar lauyoyi ta NBA ma tana da kwamitin kare haƙƙi a rassanta, ga kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a titin Aguiyi Ironsi a Maitama. In kwanaki sun wuce ba beli ba kotu, lauya zai iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu, kuma ɗan'uwa na iya shigarwa a madadin wanda ke tsare.

Wanda aka daka ko aka ji wa rauni ya je asibitin gwamnati a ranar da ya fito, ba bayan sati ba lokacin da kumburi ya saɓe, a rubuta masa rahoton likita, a ɗauki hoton raunin, a ajiye rigar da jinin kar a wanke. Bidiyo a ajiye na asali a wayar da ta ɗauka a kuma tura kwafi ta imel, wanda ya zaga WhatsApp ya riga ya dushe kuma bayanan ranar sun goge. Da waɗannan ake rubuta ƙorafi zuwa sashen karɓar koke na 'yan sanda da ake kira CRU, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda mai ikon ladabtarwa da kora, ko a tafi kotu neman diyya, dan sashe na 35 ɗin nan ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Abu ne mai cin lokaci, sai an yi ta sintiri, kowace takarda ka kai ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. Sannan dan Allah a kiyaye yatsa, kar ka ɗora tsohon bidiyo ko na wata ƙasa ka ce yanzu a Berger ko Lugbe, da dokar laifukan intanet ake bin mutane har gida a kan irin wannan, kuma yana ɓata ƙorafin waɗanda aka zalunta da gaske.

Yaron layin namu a rana ta uku aka ba da belinsa, kawunsa ne ya tsaya masa, da aka zo karɓar kaya aka ce ya faɗi abin da aka karɓa a hannunsa sai ga shi babu inda aka rubuta wayoyin kwastomomi biyu da ya fita da su a aljihu, tasa kawai aka miƙo masa. Wata huɗu ya yi yana biyan masu su kaɗan-kaɗan.